Bishiyar ƙofar gidanmu da na kusa sa a sare

Gidan da muke haya yanzu a Jos, ta wajen Rikkos, akwai wata bishiya tsakanin get da baranda, ita ce ta hana ni sakat kusan wata biyu. A Nuwamba muka tare, lokacin da sauran ganye a jikinta amma ya fara rawaya yana zuba, ni ko kallon kirki ban mata ba don hankalina na kan famfo da mita da kuɗin da ejan ya tatse ni. Kafin Janairu ta zama tsirara tik, ba ganye ko na magani, sai wasu abubuwa dogaye busassu da ke reto a rassanta kamar an shanya tsofaffin igiyoyi an manta da su. Ga sanyin Jos da kun san shi, garin da ke kan tudu wajen mita 1,200, ga ƙura, ga shara kullum safiya. Ni dai na yanke cewa ta mutu, kuma ina neman inda zan riƙa ajiye mota.

Sai na tare wani dattijo mai faskare da ke zagaya unguwa da gatari a kafaɗa, na ce Baba zo ka duba min wannan, nawa za ka sare ta ka kwashe itacen. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ɗan ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari, ya sa farce ya kankare wani siririn reshe ya nuna min kore shar a ciki. Ya ce Alhaji wannan da ransa, barci yake. Kuma ko kyauta ka ba ni ba zan ɗauka ba, mata ba sa sayen itacensa. Ni a raina na ce salon ciniki ne kawai, so yake na ƙara masa kuɗin aiki. Maman yara ta leƙo ta taga ta ce Abban yara wai ka ma tambayi mai gidan kuwa kafin ka sare masa bishiya? Shi ke nan maganar ta mutu a nan. Sunan bishiyar kuwa ban tambayi dattijon ba, ko a raina bai zo ba, kuma wannan sakacin ne ya ja min duk yawon da zan ba ku labari.

Wajen ƙarshen Fabrairu, sanyi ya fara sauka zafin bazara na leƙowa, na fito sallar asuba sai na ji wani ƙanshi a tsakar gida, mai sanyi haka ba mai hawa kai ba, na ɗauka maƙwabta ne suka sa turare. Da gari ya waye na ɗaga kai, wallahi sai da na tsaya da buta a hannu. Rassan nan da na ce sun mutu sun fara fitar da fure ruwan hoda, cikin kwana huɗu biyar kuwa bishiyar gaba ɗaya ta lulluɓe, ba ganye ko ɗaya sai fure zalla, gungu-gungu suna rinjayowa ƙasa. Ƙudan zuma tun da sassafe suke zuwa, ƙasa kuma kamar an shimfiɗa darduma. Masu wucewa suka fara tsayawa a get suna ɗaukar hoto, wata amarya a layinmu har aiko ƙanwarta ta yi wai a ba su izini su shigo su yi hoto a gindinta. Kowa kuma tambayarsa ɗaya, Alhaji meye sunan wannan fulawar? Ni da nake kwana nake tashi da ita ban sani ba, abin kunya.

Babbar 'yata ce ta fara ba da fatawa. Tana aji biyu a babbar sakandare, ita da ƙawayenta ba su da aiki sai finafinan Koriya, ta ce Abba wannan ai sakura ce, furen ceri irin na Japan, ta ɗauko min hotuna a waya. Daga nesa gaskiya akwai kama, bishiya ba ganye ta cika da ruwan hoda. Kuma ban ƙaryata ta nan take ba saboda Jos gari ne da abubuwan ƙasashen sanyi ke yi, ga sitiroberi ana nomawa ta wajen Vom, ga dankalin Turawa, ga tufa, to me zai hana wani Bature zamanin haƙar kuza ya zo da irinta. Amma da muka tsinci fure ɗaya a ƙasa muka ajiye kusa da hoton muka zuƙo shi sosai, sai bambanci ya fito ƙarara. Furen ceri a buɗe yake kamar ɗan faranti, kunnuwa biyar kowanne daban, za ka iya cire su ɗaya bayan ɗaya. Namu kuwa dunƙule yake guda ɗaya kamar mazurari, ko na ce kamar bakin algaita, yana da ɗan bututu sannan bakin ya buɗe ya yi leɓe biyar masu tattara, a cikin maƙogwaron akwai zane-zane ja mai duhu kamar an ja da biro. In ya faɗo ma gaba ɗayansa yake faɗowa. Daga baya na karanta cewa ita ceri irin ta Japan sai ta sha sanyin hunturu na gaske na makonni kafin ta yi fure, a can ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu take yi, sanyinmu na Jos da muke ta kuri da shi ko kusa bai kai ba. Yarinya dai ba ta ji daɗi ba.

Daga nan na koma kan waya. Na sauke wata manhaja ta gane tsirrai, irin wadda za ka ɗauki hoto ta faɗa maka suna. Hoton farko na ɗauka daga bakin get, bishiyar gaba ɗaya, ta ce min ceri. Na matsa kusa na ɗauki gungun furen, ta ce Tabebuia rosea. Na sa fure ɗaya a tafin hannu na ɗauka da yamma haske ya ragu, ta ce jakaranda. Bishiya ɗaya suna uku cikin minti goma, data na ta tafiya. Ba wai ina zagin manhajar ba ne fa, abin da ka ba ta shi za ta duba, ni kuma fure kaɗai nake ta cusa mata, furanni masu siffar mazurari kuwa da yawa suke a duniya. Kamar ka nuna wa mutum hula ne kawai ka ce ya faɗa maka sunan mai ita.

Ranar Asabar na zuba furen a leda na tafi wajen masu sayar da fulawa a bakin titi, akwai wani da nake sayen takin tukunya a wajensa. Yana gani ya ce oga wannan tabebuya ce, ya rantse ya ƙara, ya ce Abuja cike take da ita, har ya jawo min wata ƙarama a baƙar leda wai na saya na ƙara. Na ce to jakaranda fa? Ya ce a'a jakaranda furenta shuɗi ne mai sirkin shunayya, ya kai ni ya nuna min dashenta. A nan ne na fara samun abin kamawa, domin duk da ƙanana ne suna da ganye. Ganyen jakaranda ƙanana ne mitsi-mitsi a jere kamar na ɗorawa. Na tabebuya kuma guda biyar ne suka fito daga wuri ɗaya kamar yatsun hannu, in kun san ganyen kuka ko na rimi to haka tsarin yake. Ya ce ya ganyen taka yake? Na yi shiru. Wata biyu ina share ganyen nan a tsakar gida amma wallahi na kasa tuna kamanninsa.

To tunda ba ganye sai na koma kan abin da ke akwai, wato igiyoyin nan da ke reto tun bara. Na ari gorar da maƙwabcina ke kaɗo mangwaro da ita na kaɗo guda uku. Ashe kwasfar 'ya'yanta ce. Siririya ce kamar fensir, doguwa, launin ƙasa, kuma a murɗe take kamar an tufka igiya an sake ta. Na ɗauko tef ɗin ɗinkin maman yara na auna, mafi tsawon ta kai santimita 47 duk da murɗewar. Biyu sun riga sun tsage gida biyu sun zubar da abin cikinsu, ta ukun ce na samu sauran iri a ciki, kowane ƙwaya da ɗan fiffike fari sirit a dama da hagu kamar takardar sigari, in ka sake shi daga sama sai ya riƙa juyawa yana sauka a hankali. Ƙaramin ɗana ya mayar da su jirgin sama ranar, da ƙyar na ƙwaci guda biyar na ɓoye a ambulan.

Wannan kwasfar ita ta kori jakaranda gaba ɗaya, don ita tata 'ya'yan faffaɗa ne zagayayyu masu tauri kamar katako, kamar ƙaramin faifai, ba su da alaƙa da igiya. Dama ita 'yar Ajantina da Bolibiya ce, ita ce ta cika titunan Pretoria a Afirka ta Kudu har ake wa birnin laƙabi da ita, a can wajen Oktoba take fure. Saura tabebuya, wadda asalinta daga Meziko ne zuwa arewacin Kudancin Amurka, ita ce ma bishiyar ƙasa ta El Salvador. Ita ma kwasfarta doguwa ce kuma irinta na da fiffike, shi ya sa na daɗe a kanta, amma duk hotunan da na gani tata ba ta kai tawa tsawo ba kuma ba ta wannan murɗewar. Sai na duba ɓawon jiki. Na tabebuya yana da tsaga-tsaga a tsaye, mai kaushi. Tawa kuwa jikinta toka-toka ne mai ɗan santsi, yana ɓamɓarewa guntu-guntu ya bar tabo mai haske, kusan yadda jikin gwaiba ke yi. Zuciyata ta ce ba ita ba ce, amma mai fulawa ya rantse, manhaja ma ta faɗa, ni wa ye.

Abin da ya raba gardama maman yara ce ta kawo shi ba tare da ta sani ba. Ina zaune ina ta ƙorafin sai na jira damina kafin na ga ganye, sai ta ce wai ni kam waɗannan 'yan tsiron da ke fitowa ta jikin katanga ina sarewa suna dawowa, ba 'ya'yanta ba ne? Na tashi na je. Ta wajen da ruwan wanke-wanke ke bi akwai tsiro uku da ganyensu kore, wajen taku shida daga gindin bishiyar. Don kar na yi aikin banza na ɗauko fartanya na tona gefen ɗaya a hankali, sai ga shi ba daga iri ya fito ba, daga jikin wata saiwa mai kaurin babban yatsa ya tsiro, na bi ta kaɗan na ga ta nufi gindin bishiyar tiryan-tiryan. To ga ganye ya samu. Sanda ɗaya ce, ganye biyu-biyu suna fuskantar juna, sannan guda ɗaya a can ƙarshe, na ƙirga bakwai a wani, biyar a wani. Tsarin kamar na dogon yaro amma nata ba su kai yawan nasa ba kuma sun fi faɗi da kauri. Ba yatsun hannu ko kaɗan. Tabebuya ta fita.

Sai na zama na san abu uku da ba ita ba ne, amma ita ɗin ban san ta ba. Na sake ba manhajar hoton ganye da kwasfa, wannan karon ta jero min wasu dogayen sunayen Latin, ni kuma na riga na gaji, ban ma tsaya karantawa ba na kife wayar.

Ana haka Inna ta zo daga ƙauyenmu ta wajen Toro, za a duba mata ido. Na ɗauko ta daga tasha, muna shiga get ta sauko daga mota tana dafa ƙofa, ta ɗaga kai da idon nan da muke cewa ba ya gani sosai, ko sallama ba ta gama ba ta ce ikon Allah, wa ya bar muku sansami a ƙofar gida? Na ce Inna me kika ce? Ta ce sansami mana, kai yanzu sansami ne ba ka sani ba, wanda ke bayan gonar kakanku ta hanyar rafi mene ne? Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai dai kai ko wannan, amma ranar kai ɗin nan da ta ce ya fi zagi ciwo. 'Yata ta ce Inna ba daga Japan aka kawo ta ba? Inna ta ce wace ce Japan, jeji cike yake da shi, ke dai ba kya zuwa gida ne.

Da dare bayan ta ci tuwo na zauna na yi ta tambayarta. Ta ce wasu jiri suke ce masa, wasu kuma ɗan sarkin itatuwa. Su tun suna yara in an aike su itace ba a haɗawa da shi, manya sun ce hayaƙinsa na sa jiri, wasu ma har cewa suke yana jawo kuturta, shi ya sa ko an share gona akan bar shi tsaye. Ita kuturta dai ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba hayaƙi ba, wannan na sani, amma ban tsaya musu da Inna ba, don ni abin da ya faɗo min a rai shi ne maganar dattijon nan mai faskare, mata ba sa sayen itacensa. Ashe ba ciniki yake ba. Ta ce masu maganin gargajiya na amfani da sassaƙensa da saiwarsa, kwasfar kuma akan tauna da gishiri saboda tari. Na ce to Inna mu dai a nan kallo za mu yi, kar na ga an fara sassaƙe wa mai gida bishiya.

Da na samu suna sai komai ya zo da sauƙi. Na rubuta sansami a Google tare da kalmar Hausa, sai ga Stereospermum kunthianum, kuma da na koma manhajar nan na ga sunan na cikin waɗanda ta jero min ranar da na kife waya. Na bi bayanin ɗaya bayan ɗaya ina duba abin da ke hannuna, fure ruwan hoda mai jan zane da ke fitowa kafin ganye lokacin rani, kwasfa siririya murɗaɗɗiya da kan kai santimita 60 kuma ta daɗe a kan bishiya, iri mai fiffike biyu, ɓawo mai ɓamɓarewa, tsiro daga saiwa, duk sun hau. Itacen jejin Afirka ne, daga Senegal har Habasha, ya gangara har Zimbabuwe da Mozambik. Farkon sunan daga Girkanci ne, wai iri mai tauri, na biyun kuma an sa shi ne don girmama wani Bajamushe masanin tsirrai, Kunth, da ya rasu a 1850. Abin da ya ba ni dariya, ashe da shi da jakaranda da tabebuya duk dangi ɗaya ne, Bignoniaceae, har Turawa na ce masa jakaranda mai ruwan hoda, to ka ga mai fulawa da manhaja ba su yi nisa ba, gidan suka gane suka kasa gane ɗakin. A dangin nan ne aduruku yake, wanda ake kafawa a shinge, da rahaina mai manyan 'ya'yan nan masu reto da wasu ke kira nonon giwa. Da na tuna furen aduruku kuwa sai na ga lallai jini ɗaya ne.

Duk da haka ban saki jiki ba sai da na nemi ƙanin wani abokina da ya yi karatu a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos. Na tura masa hoton fure a WhatsApp, ya ce yaya fure kaɗai ba ya isa, turo min ganye a shimfiɗe a kan farar takarda, da kwasfa, da jikin bishiyar, kuma ka ajiye biro ko rula a gefe don na san girmansu. Na ce ai duk ina da su, na tura. Bai fi minti biyu ba ya ce sansami ne, ba tantama. Ya ƙara min da cewa in irin haka ta sake faruwa na yanko ɗan reshe mai ganye da fure na sa a tsakanin tsofaffin jaridu na danne da abu mai nauyi, haka su ma suke adana samfur, zai yi shekaru ana gane shi. Kuma na lura ko ganye na fuskantar juna ne a jikin reshe ko suna saɓawa, wannan kaɗai kan rage rabin aiki.

Mai gidan da ya zo karɓar kuɗin ruwa na tambaye shi wa ya shuka, ya ce shuka kuma? A nan na same shi lokacin da na sayi filin, duk wajen nan jeji ne da duwatsu, magina sun sare shi sau ɗaya ya sake tohowa sai na ce a ƙyale shi. Ban gaya masa saura ƙiris ni ma na sa a sare ba. Dattijon mai faskare kuwa na sake haɗuwa da shi a bakin masallaci, na ce Baba ashe sansami ne, ya ce eh mana. Na ce to me ya sa ba ka faɗa min ba tun ranar? Ya ce Alhaji ai kuɗin sara ka tambaye ni.

Furen bai wuce sati uku da wani abu ba ya gama zuba, yanzu ganye ya rufe shi, sababbin kwasfa koraye sun fara saukowa, masu hoto duk sun ɗauke ƙafa. Motar ina ajiye ta a waje wajen maigadin layi. Irin nan biyar da na ɓoye na zuba su a ledar fiya wata, biyu sun fito. Shekaranjiya kuma sai ga mai fulawa har gida da shebur, wai na taimaka masa da tsiron jikin katangar nan zai raina su ya sayar. Na ce ɗauka, amma ka san dai sunansa sansami ko? Ya ce oga na ji, amma ka bar ni da jakaranda, in na ce sansami ba mai ba ni dubu biyar a unguwar masu kuɗi ta Rayfield.